Nauyin Ƙwai Biyu

Tun daga kan iyakar Oregon har muka gangaro Reno, Teo Arriaga bai sa komai a bakinsa ba sai cingam. Yana taunawa yana tsartar da yawu a kofin roba, ni kuwa ina gefensa da ledar soyayyen dankali a kan cinya.

"Buhu, ka sake buɗe ledar nan a hancina, na rantse ta taga za ka fita."

"Wace tagar ce za ta ɗauke shi?" in ji wani daga kujerar baya. Mota ta kaure da dariya.

Sunana Curtis, amma har malamai Buhu suke ce mini. Ni ne ɗan kokawar makarantarmu a ajin ƙarti, inda sikeli ba ya tsorata kowa. Teo kuwa a ajin laba ɗari da talatin da biyu yake kokawa, alhali jikin da Allah ya ba shi na ɗari da arba'in ne. Abin da ya hau sama, da yunwa da gumi da tofar da yawu yake sauke shi duk mako.

Koci Urrutia ne ke tuƙi. Da dogayen gidajen caca suka bayyana a gabanmu, ya rage rediyo.

"Ku buɗe kunnuwanku. Ba wanda zai tsaya kusa da injin caca. Ko igiyar takalminka ce ta kwance, ja ta a ƙasa sai ka wuce. Wancan ɗakin abincin na ci-har-ka-gaji da kuke ta mafarkinsa kuma, sai Asabar da yamma, bayan ɗanmu na ƙarshe ya sauko daga katifa. Tare muke shiga. Haka muke yi tun ba a haife ku ba."

"Koci, ni fa gobe da hantsi za a fitar da ni," na ce.

"Sai ka jira mutanen kirki."

Gaskiya yawancinmu kallon gari muka zo. Ban da Teo. Shekararsa ta ƙarshe ce a sakandare, kuma a garinmu Tolliver wanda ya gama bai wuce jami'a ba, rumbun albasa ne ke jiransa, inda Leticia, mahaifiyar Teo, ta tsufa a tsaye tana tsintar ruɓaɓɓu. Wani kocin jami'a daga Montana, Mista Brandvold, ya aiko cewa yana da gurbi ɗaya na karatu kyauta ga ɗan kokawa mara nauyi, kuma a Reno zai zaɓa.

Ranar Juma'a da sassafe aka auna mu. Teo ya wuce da kyar, ya sauko ya shanye kwalbar ruwa a tsaye. Ni, kamar yadda na faɗa, kafin azahar wani ɗan Utah mai wuya kamar turmi ya shimfiɗe ni sau ɗaya, wani ɗan Idaho ya ƙarasa ni. Sai na koma mai riƙe wa Teo tawul.

Ranar nan ban taɓa ganinsa haka ba. Abokin karawarsa na farko, ko zufa Teo bai yi ba ya danne shi. Na biyu ya ɗauke masa ƙafa ya maka shi da ƙasa har katifa ta yi ƙara. Na ƙarshe, wani dogo ɗan California, yana gaba da maki ɗaya, saura kiris lokaci ya cika, Teo ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsa ya haye bayansa, ya ci wasan. Koci Urrutia ya jefar da hularsa sama, ta faɗa katifar wasu.

Mista Brandvold ya same mu a bakin ƙofa, siririn mutum mai kunnuwa a murƙushe irin na tsoffin 'yan kokawa.

"Arriaga. Gobe kana da wasan kusa da na ƙarshe da yaron Oklahoma, Dalton Pruitt. Ba a taɓa kayar da shi ba a bana. Ban ce sai ka ci shi ba. Ina so in ga yadda za ka tsaya a gabansa, shi ke nan."

"To, yallaɓai."

"Ka ci wani abu kaɗan, ka yi barci."

Da la'asar Koci ya fita da mu. Muka ɗauki hotuna a ƙarƙashin babbar ƙofar fitilun nan da ta haye titi, muka leƙa kogi ta kan gada, sanyi ya koro mu. Hanyar komawa ɗakunanmu dole ta ratsa tsakiyar gidan cacar, don haka muka jeru kamar agwagi, injuna na ta kuka hagu da dama, masu gadi na bin mu da ido.

"Teodoro!"

Ba mai kiran Teo da cikakken sunansa sai gida. Ya tsaya cak, na yi karo da bayansa.

Wani gajeren mutum mai furfura a gemu ya sauko daga kujerar wani inji. Kafaɗunsa irin na Teo, tafiyarsa irin ta Teo. Beto Arriaga ne, mahaifinsa, wanda ya bar Tolliver tun Teo yana firamare, ya ce zai je ya nemo aiki ya dawo.

"Apa," in ji Teo. Muryarsa ta fito ƙarama.

"Dube ka! Mijo, ɗana, dube ka! Gwaggonka ce ta buga mini ta ce kana zuwa. A nan bayan gari nake aiki, a wani ɗakin ajiyar kaya. Na so in zo da safe, shugaban aiki ya hana. An ce ka kayar da kowa?"

Mai gadi ya matso. "Yara ba sa tsayawa a nan, malam."

"Ɗana ne! Zakara ne!" Ya zaro wasu takardu daga aljihu yana kaɗawa. "Gidan nan sun san ni, sun ba ni tikitin abinci kyauta. Yau ni zan ciyar da ɗana."

Koci Urrutia ya dubi mutumin, ya dubi Teo. Ya san labarin, duk Tolliver ta sani. Ya ja Teo gefe.

"Kana son zuwa?"

Teo ya ɗaga kafaɗa, amma idonsa na kan uban.

"To je ka zauna da shi. Zama na ce. Gobe da safe akwai awo, laba ɗaya kacal suke ƙara muku." Ya juyo gare ni. "Buhu, bi shi. Duk abin da aka ajiye a gabansa, kai za ka cinye. Yau dai cikin nan naka ya yi wa makaranta amfani."

Ɗakin abincin ya kai filin ƙwallo. Gasasshen naman sa ana yankawa a gabanka, kaji, taliya, wainar Mexico, tsaunin ƙafafun ƙaguwa a kan ƙanƙara, da tebur guda na kayan zaƙi kaɗai. Teo ya ɗauko ganye da ɗan ƙirjin kaza, ya zauna. Mista Arriaga ya dawo da faranti uku a hannu ɗaya kamar ma'aikacin wurin.

"Mene ne wannan? Zomo na haifa?"

"Gobe za a auna ni, Apa."

"Ba an auna ku yau ba?"

"Kullum ake yi."

"Don laba ɗaya? Ka shiga bayi da safe, magana ta ƙare. Ci, mijo, ƙasusuwanka duk a waje."

Ya tura masa faranti. Na miƙa hannu na jawo shi gabana. Ya tura na biyu, na jawo.

"Kai, wannan abokin naka, a gidansu ba a dafa abinci ne?"

"Ana dafawa, Mista Arriaga, ba ya isa ne."

Ya yi dariya har da buga tebur, Teo ma ya murmusa. Hira ta ɗan kama. Ya tambayi Leticia, Teo ya ce tana nan. Ya tambayi karen da suke da shi, Teo ya ce ya mutu tuntuni. Mista Arriaga ya dubi farantin ganyen, ya dubi tikitin da ya ajiye a gefen gishiri.

"Ban taɓa saya maka takalmin kokawa ba," ya ce a hankali. "Ban taɓa kai ka gasa ba. Abu ɗaya nake da shi yau, shi ma ba ka so. Ba komai. Na gane."

"Ba haka ba ne, Apa."

"Na ce na gane."

Bai ƙara cewa ci ba. Ya jawo ƙafar ƙaguwa ya karya da hannu, ya zaro tsokar dukanta ba ta gutsure ba, ya tsoma a narkakken man shanu, ya ɗora a bakin farantin Teo. Ya karya wata. Ya jera su a layi, kansa a ƙasa, kamar mai yi wa ƙaramin yaro.

Na miƙa hannu. Teo ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bari, Buhu."

Ya ci ta farko. Uban bai ɗago ba, amma hannunsa ya ƙara sauri. Ya ci ta biyu, ta uku. Wanda ya yi wata biyu cikin yunwa ba ya cin ƙafar ƙaguwa uku ya tsaya. Bayan ƙaguwa aka zo kan naman sa. Gishiri ya kira ruwa, ya shanye kofi, ya ƙara. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Zan gudu a matakala in sauke shi," ya raɗa mini. "Na sha yi."

Mista Arriaga fuskarsa kamar an kunna fitila. Ya ba mu labarin yadda Teo yana ɗan shekara huɗu ya kayar da wani ɗan akuya a bikin baftisma. Da za mu tashi ya rungume shi ya daɗe.

"Gobe ina layin gaba."

"Ba sai ka yi alkawari ba, Apa."

"Za ka gani."

Muna shiga ɗaki Teo ya zaro baƙaƙen ledojin shara daga jakarsa, ya huda wa ɗaya wuya da hannuwa. Haka ake yi: leda a ciki, rigunan sanyi biyu a sama, a yi ta hawa da sauka har gumi ya cika takalmi.

"Ɗauko sikeli in ga iyakar ɓarnar," ya ce.

Sikelin ƙungiya guda ɗaya ne, yana yawo ɗaki-ɗaki. A gida kan simintin ɗakin atisaye yake zama, ba mai ɗaga shi. Na karɓo shi daga ɗakin maƙwabta. Abokin ɗakinmu na uku ya kulle kansa a banɗaki yana jiƙa gwiwa, don haka Teo ya dire shi nan tsakanin gadaje biyu, ya tuɓe ya hau.

Ɗari da talatin da biyu da rabi.

Ya sauka, ya sake hawa. Haka dai.

"Buhu, zo ka karanta mini, ko idona ne."

"Saura rabin laba ka kai iyakar gobe. Kuma barci ma zai rage maka."

Ya tsaya yana kallon lambar, sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun farkon kaka.

"Wasa uku na yi yau, shi ya ƙone komai! Ka gani? Na ci abinci da babana, kuma ko gudu ba zan yi ba."

Ya dunƙule ledar ya jefa kwandon shara. Ya ƙara kurɓar ruwa. Ko ƙarfe tara ba ta yi ba ya yi barci da murmushi a fuska.

Da asuba muka isa zauren gasa. A bakin ƙofa akwai sikelin gwaji a kan siminti, kowa yana hawa kafin a buɗe layin awo. Teo ya hau yana hamma.

Ɗari da talatin da huɗu da rabi.

Hammar ta tsaya a bakinsa.

"Wannan ya lalace. Koci, jiya da daddare ina ƙasa. Buhu shaida ne."

Koci Urrutia ya zaro sikelinmu daga jaka ya ajiye a gefen wancan. Teo ya hau. Lamba ɗaya suka nuna.

"A ina ka ajiye shi jiya?"

"A ɗaki."

"A ina a ɗakin?"

"Tsakanin gadaje."

Koci ya rufe ido. "A kan kafet. Wannan kafet ɗin nasu mai taushi kamar burodi. Arriaga, sikeli a kan kafet ƙarya yake yi, ƙasan yana shanye nauyin!" Ya dubi agogo. "Me ka ci? A'a, kar ka gaya mini. Saura ƙasa da awa. Ku kawo leda!"

Wani ya zazzage kwandon sharar zauren ya zare ledar. Muka cusa Teo ciki, muka ɗora masa rigata da ta Koci. Ya yi ta zagaya filin ajiye motoci a guje, numfashinsa na hayaƙi cikin sanyi, ina binsa da kofi yana tofawa. Sanyin ya hana gumi fitowa. Koci ya tayar da mota ya kunna ɗumi har ƙarshe, Teo ya shiga yana tsalle a durƙushe tsakanin kujeru, mu kuma muka danne ƙofofi. Ya je bayi ya dawo yana girgiza kai. Ya sa yatsa a maƙogwaro, ba abin da ya fito, abincin ya riga ya zama jiki.

"Gashi," in ji wani. "A aske masa gashi!"

Da almakashin yanka bandeji na datse masa suma a bayan mota, baƙin gashi na zuba kan dusar ƙanƙara. Lasifika ta kira ajinsa.

Da ka shiga layin awo ba fita, ba tofi, ba gudu. Teo ya tsaya da ɗan kamfai, leɓɓansa sun tsage, kansa kamar ɓera ya yi gwaguya. Ya fitar da duk iskar ƙirjinsa ya hau.

Jami'in awon, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya duba ya daɗe.

"Ɗari da talatin da uku da ɗigo biyu."

Ɗigo biyu. Nauyin ƙwai biyu ke nan, ko bai kai ba.

"Kana da damar gwada sauran sikelin da ke ɗakin, yaro. Sau ɗaya-ɗaya."

Ya gwada na biyu. Ɗigo biyu. Na uku ya yi rawa, ya nuna ɗigo ɗaya, duk muka riƙe numfashi, sai ya koma biyu ya tsaya.

"Yallaɓai," in ji Koci Urrutia, "shekararsa ta ƙarshe ce."

"Na sani, Koci. Rabin yaran nan haka suke." Ya ja layi a kan sunan. "Ka yi haƙuri, yaro. Na gaba!"

Wanda ya faɗi awo ya fita daga gasa gaba ɗaya. Teo ya ɗauki kayansa ya shige ɗakin canja kaya, ya ce kar wanda ya biyo shi.

Ni na fita zaure, sai ga shi a layin gaba. Mista Arriaga ya aske gemu, ya sa farar riga mai guga, ya riƙe hularsa a gwiwa. Wata mata a gefensa ta gaya mini daga baya cewa tun kafin a buɗe ƙofa yake tsaye a waje. Ya hango ni ya ɗaga hannu.

"Kai, mai cin abincin mutane! Ina zakaran?"

Kafin in haɗa amsa aka kira wasan. Dalton Pruitt ya fito tsakiyar katifa yana karkaɗa hannuwa. Alƙalin wasa ya dubi ɗaya kusurwar, ba kowa. Ya kama hannun yaron ya ɗaga. Tafi kaɗan, aka kira na gaba.

"Me ya faru? Ba su fara ba ai. Ina Teodoro?"

"Bai wuce awo ba, Mista Arriaga."

"To a sake auna shi mana."

"Ba a sakewa."

"Nawa ya hau?"

Na gaya masa. Ya dubi hannuwansa.

Mista Brandvold ya tarar da mu a hanyar fita, Teo ya riga ya sa kaya ya ja hula ya rufe kan. Mutumin ya tsaya a gaban Teo.

"Jiya ka burge ni, Arriaga, ba zan ɓoye ba. Kamun kokawa zan iya koya wa yaro. Amma a jami'a awo ya fi nan tsanani, kuma gurbi ɗaya gare ni. Ba zan iya ba wanda ban tabbata zai hau katifa ba." Ya miƙa masa hannu. "Allah ya ba da sa'a."

Ya wuce katifa ta uku, inda dogon ɗan California da Teo ya kayar jiya yake shirin kokawar neman na uku.

Uban yana jira a filin motoci, kusa da inda gashin ya zuba. Na tsaya nesa kaɗan, amma ina ji.

"Mijo, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya maka, Apa."

"Da ka ƙi. Da ka ture farantin."

"Na sani."

"Zan je in yi wa mutumin nan magana. In ce masa laifina ne."

"Ba kai ka hau sikeli ba."

Mista Arriaga ya miƙa hannu zai taɓa masa kafaɗa, ya fasa, ya gyara masa hular kawai.

"Na zo dai," ya ce. "Ka ga na zo."

"Na gani."

Da yamma ƙungiya ta shiga ɗakin abincin tare kamar yadda aka saba. Teo ya zauna a cikinmu da kofin ruwa, yanzu da ba abin da ya hana shi ci. Ba wanda ya ɗauko ƙaguwa. Ni kaina faranti ɗaya na yi, kuma ba wanda ya tsokane ni.

Ranar Lahadi da safe muka kama hanya. Muna fita daga otal na lura da wata tsohuwar akori-kura ruwan ƙasa a bayanmu, Mista Arriaga ne ke tuƙa ta. Ta bi mu cikin gari, ta bi mu har babban titi, ba ta wuce ba, ba ta yi ham ba. Koci ya gan ta a madubi, ya dubi Teo.

"In tsaya?"

"A'a, Koci."

Teo bai waiwaya ba. Gidaje suka ƙare, hamada ta buɗe. Can ya yi magana, idonsa a kan bayan kujerar gaba.

"Buhu. Yana nan?"

Na juya. Akori-kurar ta kunna fitilar gefe, ta sauka daga titi a mahaɗar ƙarshe.

"Ya juya."

Ya gyaɗa kai. Na miƙa masa ledar dankali, ya karɓa ya riƙe, bai buɗe ba.

Gurbin Montana ɗan California aka ba. A watan Yuni, Litinin ɗin da ta biyo bikin gama makaranta, Teo ya fara aiki a rumbun albasa, a layi ɗaya da mahaifiyarsa.